Ladabin Aikin Gayya a Duniyar Manhaja: Nazarin Kundin Contributor Covenant a Ma'aunin Hisba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin kundin ɗa'a mai suna Contributor Covenant, wato Alkawarin Masu Ba da Gudummawa, wanda ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja da dama suka ɗauka a matsayin dokar zaman tare. An ɗora nazarin a kan bugu na 2.1 na shekarar 2021, aka auna shi da abin da malamai suka shimfiɗa a babin hisba da babin hukunci. An gano cewa kundin ya dace wajen tsare mutunci da bin matakai, ya kuma gaza wajen ba wanda ake tuhuma haƙƙin kare kai, da fayyace al'adar da za a yi hukunci da ita, da kula da amanar aiki.

1.0 Gabatarwa

An san Kalambaina, a yammacin birnin Sakkwato, da kamfanin siminti wanda aka kafa a 1962, ya fara aiki a 1967, aka kuma ƙara masa sabon sashe a 2018. Duk wanda ya shiga harabar irin wannan masana'anta ya san akwai doka a rubuce, akwai kuma wanda zai tambaye shi idan ya saɓa. Amma akwai wata masana'anta da matasan unguwar ke shiga kullum ba tare da sun taka ƙofarta ba. Ɗalibin da ya buɗe wayarsa mai Android bayan sallar Asuba domin ya duba wata aya yana amfani ne da Linux, wadda ita ce ƙashin bayan wayar, kuma dubban mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba ne suka gina ta. Idan ya shiga Wikipedia ta Hausa ya gyara tarihin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ko ya karanta jimloli da muryarsa a shirin Common Voice na Mozilla, ya tashi daga mai cin moriya ya zama ɗan gayya. Daga wannan lokaci akwai ƙa'idojin ɗa'a da suka hau kansa, ko ya karanta su ko bai karanta ba.

Tambayoyin da suka cancanci kulawar masu ilimin addini guda uku ne. Me waɗannan ƙa'idoji suka ƙunsa? Shin Musulmi zai iya amincewa da su? Idan kuma Hausawa za su gina nasu ayyukan, kamar taskar littattafan malaman jihadi ko manhajar rabon gado, shin kwafo kundin za su yi yadda yake, ko akwai abin da gadonsu na ilimi zai gyara a cikinsa?

2.0 Buɗaɗɗiyar Manhaja da Matsayinta a Fiƙihu

Kowace manhaja tana da tushen rubutu, wato umarnin da masu gina ta suka rubuta wa kwamfuta. Kamfanoni kan ɓoye wannan rubutu su sayar da izinin amfani kawai. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, a 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da manhaja, da nazarin tushenta, da gyara ta, da rarraba ta, bisa sharaɗin duk wanda ya rarraba gyararren kwafi ya bar wa na bayansa irin wannan dama. A 1991 Linus Torvalds ya fara Linux a ƙasar Finlan, daga baya ya sa ta ƙarƙashin wannan lasisi.

Fiƙihu bai rasa gurbin da zai ajiye wannan ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, kuma mai su yana da ikon sarrafa su. A zamanta na Sharja a 2009 ta halatta waƙafin irin waɗannan haƙƙoƙi. Wanda ya saki manhajarsa da buɗaɗɗen lasisi ya yi kama da mai waƙafi da ya gindaya sharaɗi, kuma sananne ne cewa ana kiyaye sharaɗin mai waƙafi matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Al'adar karatun ƙasar Hausa ma ta saba da wannan ruhi. Littafi yakan yaɗu ta hannun makwafa, wani ya yi masa sharhi, wani ya yi hashiya, wani ya mayar da shi waƙe, kamar yadda Nana Asma'u ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, kuma ba a shafe sunan mai asali.

Sai dai lasisi yana tsara alaƙar mutum da manhaja ne kawai. Bai ce komai ba game da yadda 'yan gayya za su yi wa juna magana a bakin aiki. Wannan giɓi ne kundayen ɗa'a suka zo cikewa.

3.0 Asalin Kundin da Abin da Ya Ƙunsa

Coraline Ada Ehmke ce ta rubuta Contributor Covenant a 2014. Ba shi ne na farko ba, domin Ubuntu ta riga shi da kusan shekara goma, amma ya yi fice saboda gajere ne kuma an tsara shi yadda kowane aiki zai iya kwafa ya cike gurbin adireshin kai ƙara. Sunansa ya ƙara fitowa a watan Satumba na 2018, lokacin da Torvalds, wanda aka sani da kaushin harshe ga masu kawo gyara, ya nemi afuwa a bainar jama'a, ya janye daga jagoranci na kusan wata guda, aikin Linux kuma ya karɓi kundin.

Bugu na 2.1 ya kasu gida biyar a dunƙule. Ya fara da alkawarin cewa ba za a muzguna wa kowa ba saboda shekarunsa, ko nakasa, ko ƙabila, ko launin fata, ko addini, ko matakin ilimi, ko ƙarancin gogewa, ko jinsi, ko abin da ya kira karkatar sha'awa da yadda mutum ke ayyana jinsinsa. Sannan ya jera halayen da ake so, kamar tausayi, da girmama saɓanin ra'ayi, da karɓar gyara, da neman afuwa. Da waɗanda ba a so, kamar kalaman batsa, da zagi, da tsokana, da fallasa bayanan sirrin wani. Na uku ya ɗora alhakin zartarwa a kan jagororin aiki. Na huɗu ya iyakance hurumin dokar ga dandalin aikin da kuma inda mutum yake wakiltar aikin a hukumance. Na biyar ya kawo matakan ladabtarwa huɗu: gyara a asirce, gargaɗi, dakatarwa ta wani lokaci, da kora ta dindindin.

4.0 Inda Kundin Ya Dace

Adalci ya wajabta a fara da abin yabo. Babbar nasarar kundin ita ce rushe tunanin da ya daɗe a tsakanin masu rubuta manhaja, cewa gwani yana da lasisin wulaƙanta na ƙasa da shi. Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatu, shi ya sa malamai irin su Zarnuji a Ta'alimul Muta'allim da Ibn Jama'a a Tazkiratus Sami'i suka keɓe littattafai ga ladabin malami da ɗalibi. Abubuwan da kundin ya hana kuwa, kusan duka Suratul Hujurat ta riga ta hana su a ayoyi na 11 da 12: izgili, da aibata juna, da jifa da munanan laƙabi, da mugun zato, da bin diddigin sirri, da giba. Ambaton ƙarancin gogewa a cikin abubuwan da ba a wulaƙanta mutum saboda su abu ne mai kyau ƙwarai, domin sabon shiga da aka yi wa dariya a gyaransa na farko ba kasafai yake dawowa ba, kuma aikin gayya da hannu da yawa yake tafiya.

Abu na biyu shi ne bin matakai. Imam Gazali a cikin Ihya'u Ulumid Din ya jera darajojin hisba, ya fara da tabbatar da aukuwar abin ƙi, sai sanar da mai yi cikin taushi domin wataƙila jahilci ne, sai wa'azi da nasiha, sai kausasa harshe, kafin a kai ga matakan da suka fi haka. Matakin farko na kundin, inda ake rubuta wa mai laifi a asirce a bayyana masa abin da ya yi da dalilin rashin dacewarsa, ya yi daidai da abin da malamai suka faɗa cewa nasiha a gaban jama'a tozartawa ce. Dakatarwa ta wani lokaci ma tana da asali. Ka'abu bin Malik da abokansa biyu an ƙaurace musu dare hamsin bayan yaƙin Tabuka, sannan aka karɓe su da farin ciki bayan saukar aya ta 118 ta Suratut Tauba.

Abu na uku shi ne iyakance hurumi. A 2015 rikici ya tashi a aikin Opal, lokacin da Ehmke da kanta ta nemi a cire wani daga cikin jagororin aikin saboda kalaman da ya yi a shafinsa na Twitter. Wannan ya tayar da tambayar ko aiki yana da ikon bin mutum har gidansa. Lafazin bugu na 2.1 ya tsaya a dandalin aiki da wakilci na hukuma, kuma wannan ya fi kusa da sharaɗin Gazali cewa abin ƙin da ake hisba a kansa sai ya kasance bayyananne ba tare da leƙe ba.

5.0 Inda Kundin Ya Gaza

5.1 Hukunci ba tare da i'izari ba

Mafi girman rauninsa yana babin zartarwa. Kundin ya yi alkawarin duba kowace ƙara cikin gaggawa da adalci, ya kuma wajabta ɓoye sirrin mai ƙara. Daga nan ya yi shiru. Bai faɗi irin hujjar da za a karɓa ba. Bai wajabta a saurari wanda ake tuhuma kafin a yanke ba. Bai buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara ba. Bai ce komai ba idan jagoran aiki shi ne mai ƙara ko shi ne wanda ake ƙara, alhali a ƙananan ayyuka mutum ɗaya ne ke riƙe da komai. Hatta bayyana dalilin hukunci an bar shi ga ganin dacewar jagora.

Wanda ya karanci babin alƙalanci zai ga girman wannan giɓi nan take. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umarni da bincike kafin a ɗauki mataki a kan labari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Sayyidina Aliyu da kada ya yi hukunci har sai ya ji daga ɓangare na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musal Ash'ari ta ɗora hujja a kan mai da'awa, ta wajabta daidaita masu husuma a zama da kallo, ta kuma buɗe ƙofar komawa ga gaskiya idan alƙali ya gane kuskuren hukuncinsa na jiya. Malikiyya sun ƙara da i'izari, wato tambayar wanda za a yanke wa hukunci ko yana da sauran hujja, kamar yadda Ibn Asim ya tsara a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan Arewa suka daɗe suna aiki da shi.

Mai kare kundin zai ce aikin sa-kai ba kotu ba ne, kuma ɓoye mai ƙara wajibi ne domin raunana su iya magana ba tare da tsoron ramuwa ba. Maganar tana da ƙarfi, musamman ga mata, waɗanda suka fi fuskantar cin zarafi a dandalin intanet. Amma ana iya ɓoye sunan mai ƙara a bayyana wa wanda ake tuhuma abin da ake tuhumarsa da shi, tunda yawancin laifuffukan a rubuce suke. Kora daga babban aiki kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin tarihin gudummawar mutum a GitHub shi ne shaidar da masu ɗaukar aiki ke dubawa. Matashin da ya koyi sana'ar a Sakkwato ba tare da wani uban gida a waje ba, wannan tarihi shi ne jarinsa. Hukuncin da zai taɓa abincin mutum da mutuncinsa ya cancanci i'izari ko da a zaure aka yi shi. Gidauniyar Wikimedia ta fahimci haka: bayan ta amince da kundin ɗa'arta na bai ɗaya, sai da ta sake tsara jagororin zartarwa daban, waɗanda suka tanadi ɗaukaka ƙara, aka kuma kaɗa ƙuri'a a kansu. Bugu na 3.0 na Contributor Covenant da ya fito a 2025 ya ƙara mayar da hankali ga gyara ɓarnar da aka yi, wanda hakan amincewa ne cewa bugun baya ya karkata ga ladabtarwa fiye da sulhu.

5.2 Al'adar wa za a bi?

Jerin abubuwan da aka hana ya ƙare da jimla mai faɗi, wadda ta haɗa duk halin da za a iya ɗauka bai dace da wurin aiki ba. Wannan mayar da hukunci ne ga al'ada, kuma fiƙihu bai ƙi haka ba, domin al'ada abar hukunci ce a wurin malamai. Sai dai sun sharɗanta ta zama al'adar mutanen da abin ya shafa, ba ta wasu can ba. Wurin aikin da marubutan kundin suka sani shi ne ofishin kamfanin fasaha na Amurka. Bahaushe kan buɗe saƙo da sallama, ya rufe da addu'a, ya kira babba da Malam ko Alhaji, ya ɗauki kiran dattijo da sunansa tsirara a matsayin rashin kunya. A wani wurin kuwa ambaton Allah a saƙon aiki shi ne abin da za a ɗaga gira a kansa. Idan ba a fayyace ba, al'adar masu rinjaye ce za ta zama doka ba tare da an rubuta ta ba. Gazali ya sharɗanta cewa abin da ake inkari ya zama an san munkari ne ba ta hanyar ijtihadi ba, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya nanata a Ihya'us Sunna da wasu littattafansa cewa ba a tsananta inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani. Ƙa'idar ta dace da nan: a hukunta abin da kowa ya san cutarwa ne, a yi sassauci a abin da al'adu suka bambanta.

Haka nan jerin kundin, duk da tsawonsa, bai ambaci harshe ba, alhali kundin Wikimedia ya ambaci ƙwarewar harshe. Wannan ya shafi Hausawa ta fuska biyu. A ayyukan duniya, mai raunin Ingilishi yakan sha raini ko a yi watsi da gyaransa. A ayyukan Hausa kuwa matsalar karin harshe ce. A Common Voice 'yan sa-kai ne ke sauraron muryar juna su amince ko su ƙi. Idan mutumin Kalambaina ya furta kalma da lafazin Sakkwatanci, mai tantancewa da bai san sai karin Kano ba yana iya ɗaukar hakan kuskure. Idan irin wannan ya yawaita, na'urar da za a horar da muryoyin za ta tashi ba ta jin Basakkwace, harshen da aka rubuta da yawa daga waƙoƙin wa'azin ƙarni na 19 da shi. Kundin da aka kwafo daga waje ba zai hango wannan ba. Haka ba zai hango cewa abin da ya fi saurin wargaza gayyar Musulmin Arewa shi ne jifa da bidi'a ko kafirci tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala a kan yadda za a rubuta tarihin wani malami ba. Kalmar addini da ke cikin jerin ta yi faɗi da yawa ga wannan ciwo.

5.3 Tsaron harshe ba tare da tsaron amana ba

Kundin ya kula da yadda ake magana, bai kula da gaskiyar abin da ake miƙawa ba. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse bayanai da tsarin Linux da yawa ke dogaro da ita. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe kimanin shekara biyu yana ba da gudummawa cikin ladabi har aka ba shi ikon jagoranci. Bai zagi kowa ba, kuma da an auna shi da kundin ɗa'a da ya fita tas. Mugu ba shi da kama.

Malaman hadisi sun warware wannan tun ƙarnonin farko da suka sharɗanta wa mai ruwaya abu biyu, adala da kiyayewa, suka kuma kafa ilimin jarhi da ta'adili domin a san wanda ake karɓa daga gare shi. Har suka halatta ambaton aibin mai ruwaya, suka fitar da shi daga giba, saboda kare addini. Wannan yana da muhimmanci ta wata fuskar: kundin da ya tsananta a kan taushin harshe ba tare da ya kare haƙƙin suka ba yana iya sa mai gaskiya ya yi shiru. A aikin da ya shafi nassi, kuskuren wasali ɗaya yana iya yaɗuwa zuwa wayoyi masu ɗimbin yawa. Shi ya sa shirin Tanzil, wanda ya samar da tantaccen rubutun Alƙur'ani da manhajoji da yawa ke ɗauka, ya ba da izinin kwafa da rarrabawa amma ya hana canza rubutun. Duk kundin da za a rubuta wa aikin addini dole ya sa jingina magana ga mai ita, da bayyana madogara, da hana satar aikin wani, a sahun farko na ɗa'a.

6.0 Musulmi da Jerin Rukunan da Aka Kare

Abin da ya fi damun ɗalibai shi ne ambaton karkatar sha'awa da ayyana jinsi a cikin alkawarin. Shin amincewa da kundin amincewa ne da abin da shari'a ta haramta? Amsar tana ga lafazin. Abin da aka ɗauki alkawarinsa shi ne barin muzgunawa, kuma ba a nemi kowa ya canza aƙidarsa ko ya furta halaccin wani aiki ba. Musulmi dama an hana shi zagi da cutarwa, har aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin da mushirikai ke bautawa saboda abin da zai haifar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci Hilful Fudul kafin aike, yarjejeniyar taimakon wanda aka zalunta ko wane ne, ya kuma yabe ta bayan aike. Asali a sharuɗɗa shi ne cika su, ban da sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Jerin da ya kare wasu shi ne kuma ya kare mai hijabi da mai gemu da wanda ya nemi a ɗaga taro saboda Juma'a.

Matsalar tana tasowa ne a wajen fassara, idan jagorori suka ɗauki riƙo da hukuncin addini shi kansa a matsayin muzgunawa, ko suka bi mutum zuwa abin da ya faɗa a wajen aiki. A nan raunin da aka ambata a 5.1 da 5.2 yake komawa haɗari. Abin da ya dace da ɗalibi shi ne ya karanta kundin kowane aiki kafin ya shiga, ya tsaya a kan abin da ya kawo shi, ya kyautata mu'amala da kowa. Idan aka nemi ya furta abin da ya saɓa wa imaninsa, lasisin da kansa ya ba shi mafita, domin yana da ikon ɗaukar kwafin manhajar ya ci gaba da ita a wani wuri.

7.0 Gwaji Biyu na Masu Addini

Masu addini sun gwada amsa wannan tambaya ta hanyoyi biyu da ke da darasi. A 2018 masu gina SQLite, manhajar ajiyar bayanai da ke cikin kusan kowace wayar zamani, ƙarƙashin Richard Hipp, sun ɗauko ƙa'idojinsu daga dokokin Benedict, wani rahibin Kirista na ƙarni na 6. Da surutu ya yi yawa sai suka sauya wa takardar suna zuwa kundin kyawawan halaye, suka bayyana cewa kansu suka ɗaure da ita, ba su ɗora ta a kan kowa ba, suka kuma ɗauki ƙa'idojin Mozilla domin hulɗa da jama'a. Ba tare da sun sani ba sun faɗa kan bambancin da malamai suka yi tsakanin ladubban da mutum ke ɗora wa kansa da hukuncin da ake tilastawa.

Gwaji na biyu shi ne lasisin Waƙafi da masu shirin Ojuba na Larabci suka fitar, wanda ya hana amfani da manhaja a abin da ya saɓa wa Musulunci. Niyyar kyakkyawa ce, amma sharaɗin ya ci karo da ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja da aka amince da ita tun 1998, wadda ta hana ware wasu mutane ko wani fagen amfani, don haka manhajar ba ta iya shiga manyan taskoki, kuma babu mai iya bin sawun sharaɗin. Akasin haka, haruffan Alkalami da ƙungiyar SIL ta Kirista ta zana bisa salon ajamin Kano an sake su da buɗaɗɗen lasisi, kuma malami na iya buga littafin tauhidi da su ba tare da neman izinin kowa ba. Rijiyar da aka haƙa a bakin hanya ba a tambayar mai sha addininsa, ladan kuma yana ga mai haƙawa.

8.0 Kammalawa

Contributor Covenant kundi ne mai amfani wanda ya magance cuta ta gaskiya, kuma mafi yawan abin da ya hana shari'a ta riga ta hana. Gazawarsa tana ga abin da ya bari a buɗe. Ƙungiyar ɗalibai ko cibiyar bincike da za ta kafa buɗaɗɗen aiki a Sakkwato ko Kano ko Maraɗi tana iya ɗaukar ƙashinsa, ta rubuta shi da Hausa, ta ƙara abubuwa biyar: a sanar da wanda ake tuhuma abin da ake tuhumarsa a kuma saurare shi, kada mai husuma ya zauna a kujerar hukunci, a tanadi ɗaukaka ƙara da lokacin sake duba kora, a ambaci karin harshe da saɓanin mazhaba da ɗariƙa a cikin abin da ba a wulaƙanta mutum saboda shi, a kuma sa amanar nassi da jingina aiki ga mai shi a cikin ɗa'a, tare da kare haƙƙin ƙarami ya gyara wa babba cikin ladabi. Littattafan Shehu Abdullahi a kan hukunci da hisba, irin su Diya'ul Hukkam, suna nan a taskokin Sakkwato, kuma sassan nazarin addini da na kimiyyar kwamfuta suna cikin harabar jami'a ɗaya. Abin da ya rage shi ne su zauna a tabarma ɗaya su rubuta. Allah ne Mafi sani.